Motar Miliyoyi, Gyaran Sabulu: Mu Daina Lallaɓa Yoyon Fetur



Yau za mu yi magana ne a kan wari. Warin fetur da ke tashi daga motar da aka ajiye a gareji ko a ƙofar gida, wanda idan ka yi magana sai a ce maka "ai haka take, yanzu aka sha mai." Matsayarmu ita ce, motar da take warin fetur bayan an kashe ta, motar da ya kamata a ajiye ce har sai an gano inda take yoyo. Kuma iya tsadar motar da ƙarfin injinta, iya girman hatsarin. Wanda ya iya fitar da miliyoyi ya sayi mota mai gudu, babu hujjar da zai kawo ta ƙin sayen zoben roba da bututun da suka dace da ita.

Mu da muke zaune tsakanin Ɗorayi, Ja'en, Sharaɗa da hanyar Panshekara mun san irin motocin da ke ratsa mu. Ranar Juma'a ko Asabar in ana ɗaurin aure, ga BMW, ga Mercedes AMG, ga Porsche, ga Range Rover, jefi-jefi har da irin masu ƙofa biyu da ke kwance a ƙasa kamar kunkuru. Da yawansu ba sababbi aka saye su ba. Sun sha amfani a Amurka ko Turai ko Dubai, wasu ma daga gwanjon motocin da suka yi hatsari aka ɗauko su, aka biyo da su ta Legas ko Kwatano. Idan suka lalace kuwa, a garejinmu na unguwa suke kwana, kusa da mai walda, kusa da mai shayi, kusa da mai suyar awara.

Mu fara da abin da ya canja. Yawancin iyayen gidanmu kanikawa a kan Fijo suka koyi aiki, tun lokacin da kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975. Fijo 504 mai kafireta famfonta a jikin inji yake, kuma ƙarfin da yake tura mai da shi bai kai rabin bar ɗaya ba. Don a gane, iskar da mai faci yake sa maka a taya, wadda yake ce wa 35, bar biyu da rabi ce ko ƙasa kaɗan. A irin wannan mota, idan tiyo ya tsage a hanyar Gwarzo, a yanke wurin a sake cusawa a ɗaure da waya, ko a goga sabulu a ƙasan tanki, ka iso gida lafiya. Wannan dabara ta ceci matafiya da yawa, ba mu raina ta ba.

Motar yau wata halitta ce daban. Famfon farko yana nutse a cikin tanki, na lantarki ne, yana tura mai da ƙarfin bar uku zuwa shida. A motocin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda akwai famfo na biyu a kan inji, wanda yake ɗaga ƙarfin zuwa bar 150 ko 200, a wasu sababbi har 350. Bar 200 ya ninka iskar taya fiye da sau tamanin. A wannan matsi, ƙaramar tsaga ba ɗiga take yi ba, feshi take yi kamar turare, kuma feshin yana sauka ne a kan inji mai zafi. Sabulu ko gam ko robar tayar keke ba su da abin da za su iya a nan. Kada kuma mai ƙaramar mota ya ce wannan matsalar masu kuɗi ce. Hyundai Sonata daga 2011, Honda Accord mai silinda huɗu daga 2013, da Camry daga 2018 duk suna da wannan famfo na biyu.

Sannan akwai halin fetur kansa, wanda sabo ya sa muka daina tsoro. Ruwan fetur ba shi ne yake fara kamawa ba, tururinsa ne. Tururin ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi sama ya watse, ƙasa yake bi, ya shiga ramin gareji, ya bi kwata, ya taru a ƙarƙashin mota. Idan ya kai kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa. Kuma ko babu tartsatsi, fetur yana iya kamawa da kansa idan ya taɓa abin da zafinsa ya doshi digiri 300. Tukunyar tace hayaƙin nan da kanikawa ke kira indomi tana aiki ne a zafin da ya haura digiri 400. A motocin tsere irin su Ferrari da Lamborghini da McLaren, injin yana bayan direba ne, tanki da bututun mai da salansa duk a matse a wuri ɗaya. Tazarar da ke tsakanin yoyo da gobara a nan ba ta wuce tafin hannu ba.

To daga ina yoyon yake fitowa? Wuraren sanannu ne. Na farko shi ne murfin famfo da ke saman tanki, wanda a motoci da yawa yana ƙarƙashin kujerar baya. Murfin na roba ne mai tauri, kuma shekaru da zafi suna sa shi yin tsaga siririya kamar gashi. Alamarsa ita ce wari yana ƙaruwa idan an cika tanki, ya ragu idan mai ya sauka. Na biyu shi ne zoben roba da ke tsakanin murfin da tanki, wanda yake bushewa, ko a murɗe shi wajen mayarwa. Na uku su ne mahaɗan tiyo masu kilif, waɗanda akan ɓalle da sukuddireba a karya musu haƙori sannan a ɗaure da waya. Na huɗu shi ne bututun ƙarfe da ke fita daga famfo na biyu zuwa nozul. Na biyar kuwa shi ne mafi ɓoyuwa: famfo na biyu yana iya yoyo ta ciki, fetur ya gangara cikin baƙin mai. Ba za ka ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. Sai dai ka zaro sandar awo ka ga baƙin mai ya ƙaru maimakon ya ragu, ya tsinke, yana warin fetur. Wanda ya ci gaba da tuƙi a haka, inji gaba ɗaya zai saya.

Kamfanonin da suka ƙera motocin nan su da kansu ba sa wasa da wannan. A 2017 Porsche ta yi wa motocin Macan kiranye a Amurka, Audi ma ta kira Q5 da Q7, saboda murfin famfon mai yana tsagewa yana yoyo. A farkon shekarar nan ta 2017 Lamborghini ta kira motocin Aventador kusan 5,900 a faɗin duniya, domin idan aka cika tanki fiye da ƙima, fetur yana iya malalawa cikin tukunyar gawayin da ke riƙe tururi, tururin ya haɗu da zafin salansa, musamman idan ana taka totur mota na tsaye. A 2020 McLaren ta kira wasu motocinta saboda wani soso da ke ƙarƙashin tanki yana riƙe ruwa har ya ci jikin tankin. A watan Janairun 2019 kuma Hyundai da Kia suka kira motoci kimanin 168,000, saboda a lokacin da dilolinsu suka canja wa motocin inji, akwai yiwuwar an lanƙwasa bututun mai mai ƙarfin matsi ko ba a ɗaure shi daidai ba. Ku duba wannan na ƙarshe da kyau. Kanikawan da kamfani ya horar, masu littafi da kayan aiki, su ma bututun nan ya ba su matsala. Ina ga wanda yake ɗaure shi da sufana da ƙiyasin hannu?

Abin tambaya shi ne, motar da aka sayar a gwanjo ta hau jirgin ruwa ta iso Kano, wa ya kai ta aka yi mata gyaran kiranye? Wasiƙar kamfani tana zuwa ne ga mai motar na can, ba ta biyo ta Ƙofar Ruwa ba. Amma dubawa kyauta ce. Kusan kowace motar zamani tana da lambar shasi mai harufa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Idan motar daga Amurka ta fito, a shafin hukumar NHTSA za ka sa lambar a wayarka, ya nuna maka kiranyen da ba a yi mata ba. Minti biyu ne. Dillalin da ya ƙi ba ka lambar shasi kafin ciniki, ya riga ya gaya maka abin da kake buƙatar sani.

Bayan abin da mota ta zo da shi, akwai abin da mu muke ƙara mata. Zafin Kano a watan Afrilu yana haura digiri 40, motar da ta wuni a rana kuwa cikinta ya fi haka nesa ba kusa ba. Roba tana tsufa da wuri a nan fiye da ƙasar da aka ƙera ta. Wannan ba laifin kowa ba ne. Amma sauran namu ne.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, da yawa daga cikinmu da jar wuta muke yawo, har da masu manyan motoci. Famfon cikin tanki kuwa fetur ɗin da yake ciki ne yake sanyaya shi. Idan kullum tanki a ƙasa yake, famfo yana aiki da zafi, yana zuƙo dattin da ya kwanta, ya mutu kafin lokacinsa. Da ya mutu sai a buɗe tanki, kuma a wajen wannan buɗewa da rufewa ne yawancin yoyo yake samo asali. A ɗaya gefen kuma, ranar da muka samu kuɗi ko muka ga layi ya yi sauƙi, sai mu ce wa mai zuba mai ya ci gaba bayan bindigar ta tsaya da kanta, har a riƙa girgiza mota don ta ƙara ɗaukar lita ɗaya. Abin da ya jawo wa Aventador kiranye ke nan, mu kuma mun mayar da shi al'ada. Gurbin da ke saman tanki an bar shi ne da gangan saboda fetur yana kumbura idan ya ji zafi.

Ga kuma ingancin man. Ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da hukumomi da kansu suka amsa cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, motoci suka lalace, layi ya dawo gidajen mai. Metanol yana cin roba yana cin wasu ƙarafa. Wancan an sanar da shi. Wanda ake saye a galan a hannun 'yan bumburutu fa, wa ya auna shi? Ba mu ce duk mai sayar da mai a bakin titi mugu ne ba, neman abinci suke yi, kuma sun fitar da mu kunya a ranakun wahala. Amma motar da littafinta ya ce sai mai mai inganci, a ɗura mata na jarka ta mazurari da tsumma, sannan a zo ana zagin bakanike, wannan ba adalci ba ne.

Yanzu mu zo kan gyaran kansa. Ba muna koya wa kanikawa aikinsu ba ne, akwai ƙwararru a cikin zauren nan da suka fi mu sani. Muna so ne mai mota ya san abin da zai tsaya a kai, kuma yaron gareji ya san abin da zai ƙi yi.

Kafin a kwance komai, a bar inji ya huce, a fitar da matsin da ke cikin bututu. Hanyar da aka fi bi ita ce a cire fiyus ɗin famfo, a tayar da mota ta ci har ta mutu da kanta, sannan a cire kan batir. A motoci da yawa na zamani buɗe ƙofar direba kaɗai yana sa famfo ya fara aiki, don haka wanda bai cire batir ba, fetur na iya feso masa a fuska alhali makulli yana aljihunsa. A yi aikin a fili inda iska ke ratsawa, nesa da mai walda da janareta da murhu, kuma a ajiye tukunyar kashe gobara mai hoda a kusa, cikakkiya, ba wadda ake nuna wa jami'an kiyaye haɗurra a hanya kawai ba.

Zoben roba idan an cire shi ba a mayar da shi, sabo ake sawa, kuma irin wanda aka yi don fetur. Akwai wanda ake kira Viton, yana jure zafi da fetur fiye da baƙar robar da ake sayarwa a tire. Tiyo ma ba duka ɗaya ba ne. A jikinsa akwai rubutu. Mai lamba J30R7 na ƙaramin matsi ne, zamanin kafireta. Mai J30R9 shi ne na motar injekta. Wanda zai zauna a cikin tanki kuwa sai mai J30R10, domin sauran cikinsu ne kawai yake jure fetur, bayansu yana narkewa idan aka nutsa su. Mai saye a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari ya karanta jikin tiyo kafin ya biya. Murfin da ya tsage a canja shi. Bututun ƙarfe na famfo na biyu, kamfanoni da yawa sun rubuta cewa sau ɗaya ake ɗaura shi, idan an kwance sai sabo, kuma da sufana mai awo ake ɗaure shi. Bayan an gama, a sa agogon awon matsi, a kashe mota a ga ko allurar za ta tsaya ko za ta riƙa sauka. A cika tanki, a zagaya, a dawo a sake dubawa kafin a mayar da kujera. Garejin da ba shi da agogon awon matsi da sufana mai awo, bai kamata ya karɓi irin wannan mota ba, kuma faɗin haka ba abin kunya ba ne.

Mun san amsar da za a ba mu, kuma tana da ƙarfi. Za a ce kayan nan da dala ake sayensu, tun da aka saki naira a Yunin 2023 farashi ya ninka. Za a ce babu dilan Ferrari ko McLaren a Kano, ƙaramin abu sai an yi oda daga Dubai ko Legas a jira makonni. Bakanike kuma zai ce, idan na ce wa Alhaji ya ajiye mota sati uku, garejin gaba zai kai ta a liƙe masa yau, na rasa kwastoma. Duk gaskiya ne. Amma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tsadar kaya da jiran oda suna cikin kuɗin motar tun ranar da aka saye ta, ko an lissafa ko ba a lissafa ba. Kuma mai irin wannan mota da wuya a ce ita kaɗai gare shi. Abin da yake hana shi jira ba larura ba ce, bikin ranar Asabar ne.

A nan ne muke ganin nauyin ya fi karkata kan mai mota. Bakanike yana da nasa, mai sayar da jabun kaya yana da nasa, amma mai mota shi ne mai kuɗi, shi ne mai cewa "a lallaɓa min zuwa Litinin." Idan kuma abin ya faru, ba shi ne yake ƙarƙashin motar ba. Yaro ne ɗan shekara goma sha biyar da uwarsa ta kawo koyon sana'a, rigarsa ta jiƙe da fetur. Maƙwabta ne a lungun da motar 'yan kwana-kwana ba ta iya shiga sai dai a ja tiyo daga bakin titi. Yara ne da suka kewaye motar ango suna kallo lokacin da ake taka mata totur salansa na tofar da wuta. Mai mota zai yi asarar ƙarfe, ya sayi wata. Waɗannan ba su da abin da za su saya su mayar.

Abin da ya ba mu ƙwarin gwiwa shi ne ilimin yana nan kusa da mu. Masana'antun Sharaɗa da Chalawa da Bompai, duk da cewa da yawa sun rufe, sun bar mana fitoci da masu juya ƙarfe waɗanda suka shafe shekaru suna aiki da injinan da ke tafiya da matsin mai, suka san bambancin sil da sil, suka san ba a ɗaure noti da ƙiyasi. Wasunsu suna zaune a Ɗorayi da Ja'en, muna sallah sahu ɗaya da su. Me zai hana rassan ƙungiyar kanikawa ta NATA su riƙa gayyatar irin waɗannan dattawa, tare da jami'an hukumar kashe gobara ta jiha, ko da wuni ɗaya ne a wata, a koya wa yara yadda ake sauke matsi, yadda ake karanta jikin tiyo, da yadda ake riƙe tukunyar kashe gobara? Me zai hana gareji huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su sayi agogon awo ɗaya suna karɓa-karɓa? Idan kanikawan layi ɗaya suka haɗa baki cewa ba mai liƙe yoyon fetur da gam, Alhaji ba shi da garejin gaba da zai kai.

Mu masu motoci kuma, manya da ƙanana, ga abin da ba ya buƙatar taro. Kada tanki ya riƙa sauka ƙasa da kwata. Idan bindigar mai ta tsaya, a tsaya. Da safe kafin a tayar da mota a leƙa ƙarƙashinta, a shinshina wajen kujerar baya da tayar baya. A zaro sandar baƙin mai sau ɗaya a mako. Idan mota ta ratsa ambaliya a watan Agusta, a sa a duba ƙasan tanki. Motar da ta daɗe a ajiye, kamar yadda masu tsada suka saba yin watanni a rufe da tamfol, a duba tiyoyinta kafin a fita da ita. Idan an ji wari ana cikin tafiya, a gangara gefe, a kashe, kowa ya fita, a kira motar ja. Kuɗin motar ja daga Kabuga zuwa Sharaɗa bai kai kuɗin kwana ɗaya a ɗakin masu ƙuna ba.

Kanikawan da ke cikin zauren nan, mun san akwai abin da za ku gyara mana ko ku ƙara, musamman a kan inda ake samun kaya na gaskiya a cikin gari. Ga fili nan. Wanda kuma yake da ɗa ko ƙane a gareji, ya karanta masa wannan, ya gaya masa cewa idan aka ce ya shiga ƙarƙashin mota mai yoyo batir na jone, yana da damar ya ce a'a.

Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu daga gobara, Ya sa albarka a sana'o'inmu. Sai mako mai zuwa.